Hattara da masu "sabunta" bahon wanka a Kaduna

Jama'ar Malali, Unguwar Dosa da Barnawa, a buɗe ido. Wasu samari uku na bi gida-gida da injin feshi a cikin keke, suna nuna hotuna a waya, wai suna mayar da tsohon baho, masai da tayil sabo fil da wani fentin da ko asid ba ya ci. Watan jiya gidan yayata suka faɗa.

"Hajiya, shekara 10 ba ki ba kiran mai gyara," in ji babbansu. Ta ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, cikin awa biyu suka gama suka karɓi ciko. Da na je baho na ƙyalli kamar madubi, ni kaina sai da na yaba. Kwana tara aka wanke da Harpic, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ya dinga ɓarewa kamar ɓawon albasa har ya toshe magudana. Na sa farce na kankara: fentin mai ne irin na ƙofa, an tsinka shi da tinna. Lambarsu kuwa har yau a kashe.

Ƙyallin tangaran ba fenti ba ne, gilashi ne da aka gasa a wutar da ta haura digiri 1,000, shi ya sa abu ba ya kama shi da wasa. Mai aikin gaske sai ya wanke dauɗar sabulu tas, ya goge fuskar har ta yi kaushi, sannan ya haɗa gwangwani biyu a gabanka, wani fenti mai ƙarfi da ake kira ifoksi da ruwan da ke sa shi ya daskare. Zai kuma hana ka zuba ruwa kwana biyu zuwa uku, ya ja maka kunne kan wanki da asid. Cikin masai ma ba zai yarda ya taɓa ba, tunda kullum a ruwa yake. Waɗannan da gwangwani ɗaya suka zo, ko takarda babu a jikinsa, kuma suka ce da magariba a shiga wanka.

Wanda suka riga suka cuta, kada ya rufe kansa a banɗaki da maganin ɓare fenti. Irin maganin mai sinadarin methylene chloride ya kashe masu gyaran baho a Amurka, har a 2019 aka hana sayar da shi ga jama'a. Mu dai mun haƙura, ranar Asabar za mu Panteka neman wani bahon.