Kano zuwa Jidda a jirgi: awa nawa ne da gaske?

Na bi hanyar nan ta fuska biyu, kai tsaye da kuma ta Addis Ababa, kuma ra'ayina shi ne mai zuwa Umara da dattijo ko ƙaramin yaro ya biya kuɗin na kai tsaye ko da ya fi tsada.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe. Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 850 a awa, wato awa 4 kenan a sama, in aka haɗa da jan jiki a titin jirgi, da tashi, da sauka, sai ya kama awa 4 da rabi zuwa 5. Wannan lissafin na lokacin da ake ratsa Chadi da Sudan ne kai tsaye a ƙetare Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka koma kewaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya tashi. Don haka kada a riƙe tsohon lissafi, a duba abin da ke jikin tikiti.

Shi kansa tikitin yana rikita mutane. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kuma lokacin sauka da agogon can ake rubuta shi. Wanda ya ga tashi 2 na rana, sauka 9 na dare, awa 5 zai yi a sama, ba 7 ba. A dawowa kuma sai abin ya juya, ya ga kamar awa 3.

Ta Addis kuwa, Kano zuwa can kaɗai ya haura kilomita 3,300, sai a ƙara wasu 1,400 zuwa Jidda. Ga zaman jiran jirgi na biyu, wanda shi ne ainihin wahalar. Kujerar ta kan fi araha, amma canjin jirgi shi ne inda kaya suka fi ɓata hanya, musamman in na farko ya makara. Saboda haka harami ya kasance a jakar hannu, wadda galibi kilo 7 aka yarda da ita. Ana ƙetare mikati ne a sama kafin sauka, kuma banɗakin jirgi ya yi ƙunci ga canza kaya, ga layi. Gara a ɗaura tun daga Kano, ko a wurin yada zango, a bar niyya sai an yi sanarwa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu yakan rufe Kano har matuƙi ya kasa hangen titi, a ɗage tashi ko a karkatar da jirgin da ke zuwa, kuma sanarwa ba ta zuwa da wuri. Wanda zai yi tafiya a hunturu kada ya yanki tikitin jirgin ƙasa na Haramain, mai zuwa Makka da Madina, dab da lokacin saukarsa.

A ƙara awa 3 na tantancewa a Kano, da layin shige da fice a Jidda, da awa ɗaya ko fiye na mota zuwa Makka. Daga ƙofar gida zuwa masauki, ko a jirgin kai tsaye, a ware awa 11 zuwa 12.