Kafin ka sayi motar golf, fara duba birkinta

Duk mai neman 'yar motar zagaya filin golf da wuya ya wuce sunaye uku: E-Z-GO, Club Car da Yamaha. Dillali zai cika maka kunne da zancen launi da laushin kujera. Ni dai tambayata ta farko ita ce yadda motar take tsayawa a gangara, domin filin golf tudu ne da kwari, kuma yawancin motocin nan a tayoyin baya kaɗai suke da birki.

A nan ne E-Z-GO RXV mai lantarki, wadda ta fito a 2008, ta kwanta mini a rai. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, injinta ne yake rage gudu da kansa, in ta tsaya kuma birkin ajiyewa ya kama ba tare da ka taɓa komai ba. A zagayen ramuka 18 mai wasa yana ta hawa da sauka, hankalinsa duk yana kan ƙwallo, mantuwa ba ta da wuya. Na taɓa ganin mota ba direba tana gangarawa wajen tafki, jakunkunan sanduna na kaɗawa a bayanta, mutane na tsalle suna kauce mata. In da hali, ɗauki mai batirin litiyam. Ba ruwanka da ƙara ruwan batir, ƙarfinta ba ya raguwa a hawan tudu sai caji ya kusa ƙarewa, kuma ta fi mai batirin dalma sauƙi da fiye da kilo 100. Wannan nauyin ne yake barin sawun taya a jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Club Car tana da ƙashin alminiyam da ba ya tsatsa, ta dace da wurin danshi. Mai fetur kuwa, ko ta wane kamfani ce, ƙararta tana dagula wa mai shirin bugu lissafi.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen motar hannu da aka ce wai an sabunta ta. Sabon jiki ake ɗora wa tsohon ƙashi, a fesa fenti, a canza kujera. Ka nemi lambar da kamfani ya buga a jikin motar, domin daga ita ake gane shekarar da aka ƙera ta. In an kankare ko an liƙa wata a kai, kama gabanka. Ɗaga kujera ka leƙa batiran. Mota mai volt 48 galibi guda 6 ne masu volt 8, kuma ya kamata duk su zama sa'o'in juna. Kamfanoni kan buga harafin wata da lambar shekara a jikinsu. An taɓa sayar mini da wadda aka wanke batiranta tas, aka cusa sabo ɗaya a cikin tsofaffi, ba ta kai rabin fili ba ta mutu. Farin gari a bakin waya ko batir mai kumburi ya isa shaidar cewa batiran sun gaji. Batirin litiyam marar sunan kamfani kuwa, kada ka yarda ya kwana a caji a inda mutane suke, wutarsa tana da wuyar kashewa.

Haka kuma ka guji wadda aka ɗaga ta sama da manyan tayoyi, ko aka buɗe mata gudu. Motar fili ba ta wuce kilomita 24 a awa, kuma ba ta da ƙofa. Kwana ɗaya mai kaifi zuwa hagu ta isa ta wurgar da wanda ke zaune a dama, balle yaro. Tayoyi masu manyan haƙora kuma suna yaga ciyawa, ko da ka bi dokar fili ta tafiya a kan hanyar mota har ka zo daidai ƙwallonka sannan ka ratsa miƙe. Je ka tambayi masu kula da filin ko suna barin motar mutum ta shiga da irin tayar da suka amince da ita, tun kafin ka ba da kuɗinka.