Gmail, Outlook, Yahoo ko Proton: wanne ya cancanci a buɗe akwatin imel a cikinsa?

Na daɗe ina riƙe da akwatunan imel a kamfanoni huɗu da ke bayar da wannan hidima kyauta, kuma abin da na lura shi ne yawancin masu zaɓe suna fara tambaya ne game da girman ma'ajiya, alhali abin da ke jefa mutum cikin matsala daga baya shi ne yadda zai koma cikin akwatinsa ranar da ya manta kalmar sirri, ko wayarsa ta ɓata, ko aka rufe masa layi. Da wannan ma'auni na auna kowanne daga cikinsu, tare da duba wanda ke iya karanta abin da mutum ya rubuta.

Gmail ne ya fi kowanne yaɗuwa a tsakaninmu, kuma dalilin ba ya wuce wayar Android, domin ba a iya sauke manhaja daga Play Store sai da asusun Google. Kamfanin ya ƙaddamar da shi ranar 1 ga Afrilu, 2004, da ma'ajiya mai gigabait ɗaya, adadin da ya yi yawa a wancan zamani har wasu suka ɗauka wasan ranar wawaye ne. A yau yana bayar da gigabait 15, amma ya kamata mai amfani ya san cewa wannan adadi na haɗaka ne tsakanin Gmail da Google Drive da Google Photos, kuma tun watan Yunin 2021 hotunan da ake ɗorawa suna cin wannan rabo. Saboda haka mutumin da wayarsa ke tura hotunan biki da suna kai tsaye zuwa ma'ajiya zai iya wayar gari ya tarar saƙonni sun daina shigo masa, ba tare da ya fahimci cewa hotuna ne suka cinye wurin ba. Ta fuskar tace saƙonnin 'yan damfara kuwa, ban ga wanda ya kai shi ba, kuma yana karɓar haɗa takarda ko hoto har zuwa megabait 25 a saƙo ɗaya, wanda ya wadatar ga takardar shaidar karatu ko takardar neman aiki. A shekarar 2017 Google ya sanar da daina duba abin da saƙonni suka ƙunsa domin tsara tallace-tallace, sai dai wannan ba ya nufin saƙonnin a rufe suke daga idon kamfanin, domin makullinsu yana hannunsa. Akwai kuma ƙa'idar da ta fara aiki a watan Disambar 2023, wadda ta ba kamfanin damar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Outlook shi ne magajin Hotmail, wanda Sabeer Bhatia da Jack Smith suka kafa a 1996, Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, sannan aka sauya masa suna da fasali daga 2012. Yana bayar da gigabait 15 na akwatin saƙo da kuma gigabait biyar na OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft. Ya dace da ma'aikacin ofis ko ɗalibin da ke yawan aiki da Word da Excel, domin asusu ɗaya ne ke buɗe su a intanet, kuma kalandarsa tana da tsari mai kyau. A ganina tallan da yake sakawa a saman jerin saƙonni yana kama da saƙo na gaske fiye da yadda ya kamata, amma bayan wannan ba ni da wani babban ƙorafi a kansa.

Yahoo Mail, wanda ya fara a 1997, shi ne adireshin farko na da yawa daga cikin waɗanda suka fara shiga intanet a shagunan kafe, kuma har yanzu yana aiki yadda ya kamata. Amma tarihinsa yana da tabon da ba zan iya kau da kai daga gare shi ba: kutsen da aka yi masa a 2013, wanda bai bayyana ba sai a 2016, sannan a 2017 kamfanin ya amince cewa ya shafi dukkan asusai biliyan uku da yake da su. Wanda ke da tsohon adireshin Yahoo da jama'a suka san shi da shi, ba sai ya yar da shi ba, ya isa ya sauya kalmar sirri ya kuma kunna matakin tantancewa na biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa a waya. Mai buɗe sabo kuwa, ban ga dalilin da zai sa ya fara daga nan ba.

Proton Mail daban yake da sauran ukun. Wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN ne suka kafa shi a 2014, kuma hedikwatarsa tana Janiba a ƙasar Suwizalan. Yana kulle saƙonni ta yadda ko kamfanin kansa ba ya iya karanta abin da ke cikin akwatin mutum, kuma ba ya sanya tallan wasu kamfanoni, domin kuɗinsa yana fitowa ne daga masu biyan kuɗin wata. Wannan kariya tana cika ne idan mai aikawa da mai karɓa duka suna Proton. Idan aka aika saƙo zuwa Gmail ba tare da an sanya masa kalmar sirri ta musamman ba, kwafinsa zai zauna a can kamar kowane saƙo. Taken saƙo ma ba ya cikin abin da ake kullewa ta wannan hanya. Haka nan kamfanin yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da umarnin hukumomin Suwizalan ya tilasta masa miƙa adireshin IP, wato lambar da ke nuna inda na'ura ta shiga intanet, na wani ɗan gwagwarmayar kare muhalli a Faransa. Ma'ajiyar kyauta ba ta wuce gigabait ɗaya ba, kuma a nan ne ma'aunina ya fi yin tsanani, domin wanda ya manta kalmar sirrinsa bai kuma adana jimlar farfaɗo da asusu (jerin kalmomin da Proton ke bayarwa domin irin wannan rana) ko wata hanyar dawo da bayanansa ba, ko da ya samu komawa ciki, tsofaffin saƙonninsa za su kasance a kulle. Ga lauya ko ɗan jarida wannan farashi ne da ya cancanci a biya, amma ga mutumin da ba ya iya riƙe kalmar sirri ta wata guda, haɗari ne.

Hukuncina shi ne Gmail ya fi dacewa da harkokin yau da kullum, kamar rajistar JAMB da neman aiki da saƙonnin banki, a buɗe Proton a gefe idan akwai abin da ke buƙatar sirri. Sai dai ko wanne aka zaɓa, ya kamata mutum ya buɗe shi da hannunsa. Al'adar barin mai kafe ko mai sayar da waya ya buɗe wa mutum adireshi, ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma ya sanya lambar wayarsa a matsayin lambar farfaɗowa, ita ce ta raba mutane da yawa da akwatunansu. Ko lambar mutum ce ta kansa, kamfanonin waya sukan sake sayar da layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma idan haka ta faru lambar tantancewa za ta riƙa zuwa wayar baƙo. Domin haka nakan sanya adireshin Outlook a matsayin na farfaɗo da Gmail, sannan na buga lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa bayan an kunna matakin tantancewa na biyu, na ajiye su cikin jakar da nake adana takardun makaranta.