Mai kawo rago har gida a Ka'akiyya: yankan ya yi, kafin yankan ne da gyara

A kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya, kudu da Makka, akwai wata rumfa da mutanenmu ke yawan zuwa idan an yi haihuwa ko layya ta matso. Tsarinta mai sauƙi ne: ka zaɓi rago, su kai shi mayankar baladiyya, wato ta hukumar gari, a yanka, a feɗe, a sassara, a kawo maka nama gida. Naman yana zuwa da tsabta kuma a kan lokaci. Abin da ya kamata mai saye ya sa wa ido shi ne halin da dabbar ke ciki tun daga garke har bakin wuƙa.

Galibin ragunan da ke rumfar Sawakini ne na Sudan da Barbari na Somaliya, sai 'yan Harri da Na'imi masu tsada. Na ƙetare duk ta teku suka zo tashar Jidda, kuma tafiyar ba wasa ba ce. A watan Yuni na 2022 jirgin Badr 1 ya nutse a tashar Sawakin ta Sudan ɗauke da tumaki 15,800, alhali ƙarfinsa 9,000 ne. Ragon da ya sha irin wannan cunkoso yana bukatar kwanaki yana hutawa, da ruwa da barsim, wato ɗanyar ciyawar dabbobi, kafin a yi maganar wuƙa. Nan rumfar ta kyauta: sabbin zuwa ana ware musu garke daban, kuma akwai inuwa a kan dukkan garkunan.

Ruwa ne matsalar farko. Kwamin ruwa ɗaya ne a kowane garke, a kusurwa, kuma da azahar sau da yawa ya ƙafe ko ya yi zafi. Manyan raguna su tare bakinsa, ƙanana su koma gefe suna haki. Daidai ne a janye abinci kamar awa 12 kafin yanka don tumbi ya ragu, amma ruwa ba a janye shi ko kaɗan, balle a garin da zafi ke wuce digiri 40.

Ta biyu ta fi ciwo. Yaran rumfar suna fito da rago ta hanyar jan ƙafar baya ɗaya, ko su damƙi gashin bayansa su ɗaga. Dabbar tana jin zafi, kuma shaidar tana fitowa bayan fiɗa: jini ya kwanta a cinya da gadon baya, dole mahauci ya yanke wurin ya zubar. Ragon da aka daɗe ana wahalarwa kuma namansa yakan fito da duhu, ya bushe, ya yi saurin lalacewa, domin ƙarfin da ke cikin tsokar ya ƙone tun yana da rai. Kamun da ya dace ba shi da wuya: hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗaya a gindin wutsiya, a tura shi a hankali. Idan mai saye ya ce, “Ɗan'uwa, don Allah kar ka ja masa ƙafa,” suna bari. Sai dai bai kamata a ce sai an roƙa ba. A motar a-kori-kura ma suna ɗaure ƙafa huɗu tamau su kwantar da shi a kan ƙarfe mai zafi, ko buhu ba a shimfiɗawa.

A mayanka kuwa aikin ya burge. Likitan dabbobi yana duba ragon da rai, ya sake duba hanta da huhu bayan fiɗa, sannan a buga hatimi. Mahaucin da rumfar ke aiki da shi yana wasa wuƙarsa nesa da idon dabba, doguwa ce, kuma ja ɗaya yake yi ya raba maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗaga hannu ba, yadda malamanmu na Malikiyya suka shardanta. Ba ya karya wuya, ba ya fara fiɗa sai motsi ya tsaya cak. Wannan shi ne abin da hadisin Shaddad ɗan Aus a Sahihu Muslim ya nema: a kaifafa wuƙa, a hutar da abin yanka. Ranar Sallah dai layi yana tsawo har wani ragon ya ga ana yanka ɗan'uwansa, don haka wanda zai iya jinkirta layyarsa zuwa rana ta biyu ya yi hakan.

Mai zuwa saye ya buɗe bakin ragon da kansa. Manyan haƙora biyu a ƙasa alama ce ya kai shekara. Ya shafa ƙarƙashin muƙamuƙi ko akwai ƙurji, ya duba majina, tari, zawo da ɗingishi, ya ce a sa shi ya yi tafiya. Ya kuma nemi kada a ƙulle nama mai ɗumi a leda, sai ya sha iska. Muna ba da shawarar rumfar, da sharaɗin ka tsaya a wurin lokacin kamu da lodi, ka ga an ba ragon ruwa da idonka kafin a sa shi a mota.