Kuɗin YouTube ko ajin biya a WhatsApp: wanne ya fi wa mai koyar da gyaran salula a Tawa?

Wani ɗan'uwa daga Tawa ya yi tambaya a gurup. Gyaran salula yake yi a kasuwa, yana kuma sa gajerun bidiyo na koyarwa a TikTok da Facebook, mabiya sun kai 8,000. Ya dage a kan YouTube har su fara biyansa, ko ya buɗe ajin kuɗi? Malam, shawararmu ka fara da ajin.

YouTube ba ta raba kuɗin talla da kai sai ka tara masu rajista 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, miliyan 10 cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In ana kallon bidiyonka na canza gilashin salula minti 3 kafin a wuce, sai ka samu kallo 80,000 kafin ma ka nemi shiga, kuma kallon Shorts ba ya shiga wannan lissafi. Mutanenmu da forfe na yini suke kallo, ido ɗaya a kan mega. Riƙe su minti 3 ɗin ma aiki ne.

Babban cikas yana gaba. Ba a kowace ƙasa aka buɗe tsarin biyan ba: Najeriya, Ghana da Senegal suna ciki, Nijar ba ta ciki. Shi ya sa ake aron adireshin wani ɗan'uwa a Sakkwato ko Kano. To ka san abin da ke biyo baya. Da kuɗin ya kai dalar Amurka 10, AdSense, sashen Google da ke biyan kuɗin tallar YouTube, za ta aika lambar PIN ta tabbatar da adireshi a takarda, ta gidan waya, zuwa wancan adireshi. Sunan da ke kan asusun sai ya dace da katin shaida. Ba a biya sai an tara dala 100, tsakanin 21 da 26 ga wata, a bankin mai sunan. In ba a cika takardar harajin Amurka ba, ana iya riƙe har kashi 24 cikin ɗari. Daga nan a canza naira zuwa sefa, ɗan canji ya ci nasa. Abin da ya fi damunmu shi ne, a idon Google kuɗin na mai sunan ne. Ranar da kuka saɓa, ba ka da inda za ka kai ƙara.

Rabonka kashi 55 ne a dogon bidiyo, 45 a Shorts, amma kashi na nawa? Masu talla sun fi sayen idon mai kallo a Faransa da tsada a kan na mai kallo a Ƙonni ko Madawa. Mu ƙaddara dala ɗaya ake ba ka a kowane kallo 1,000: sai kallo 100,000 kafin ka ga biyan farko. TikTok kuwa a ƴan ƙasashe ƙalilan take biyan masu bidiyo kuɗin kallo, irin su Amurka, Faransa da Jamus. Kada ka sayi asusun da aka ce an buɗe a can, ana iya rufe shi da kuɗinka a ciki.

Yanzu ajin. Ka zaɓi abu ɗaya da yaran shago ke kasawa, misali salular da ba ta karɓar caji: gwada layi da mitar auna wuta, cire bakin caji da na'urar iska mai zafi ba tare da an ƙona na kusa da shi ba, gane lokacin da laifin na batir ne. Sati 4, darasi 3 a sati, kowanne kada ya wuce minti 8. Mutum 30 a jikka 5 kowanne, jikka 150 ke nan, a hannunka kafin darasin farko. Daga mabiya 8,000 mutum 30 kawai kake nema. In ba su fito ba bayan sati biyu kana sanarwa, ka gane da wuri cewa ko kuɗin ya yi yawa ko darasin ba shi suke so ba, ba ka kuma yi asarar komai ba.

Biya ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money. Kada ka sa kowa a aji don ya turo hoton resi, domin ana gyara hoto. Sai ka ga kuɗin a asusunka, sannan ka rubuta suna da lamba a littafi. Kada ka raba mahaɗin shiga, ka riƙa sa mutum da hannunka.

Za a tura bidiyonka ga waɗanda ba su biya ba, wannan babu makawa. Telegram tana da hanyar hana tura saƙo daga tasha ta sirri, amma mai salula biyu zai ɗauka da ɗayar. Don haka ka sayar da abin da ba a turawa: ɗalibi ya ɗauko hoton allon cikin salular da ke gabansa, ka zana masa inda zai ɗora mita, ka faɗa masa adadin da ya kamata ya gani. Wannan ne ke sa a sake biya. Ka tura bidiyo a matsayin dokima, don WhatsApp tana matse hoto har ƙananan ƙafafun kayan cikin salula da kake nunawa su ɓace. Kada kuma ka gina ajin a kan darasin kai tsaye, musamman Afrilu da Mayu da ɗauke kuran ke yawa. Ka naɗa, kowa ya sauke lokacin da rezo ya yi kyau.

Inda YouTube ta fi shi ne ɗorewa. Aji yana tsayawa ranar da ka tsaya, yana zuwa da tambayoyin tsakar dare da masu neman a mayar musu da kuɗi, kuma zagaye na uku ya fi na farko wuyar cika, don masu ƙaunarka na kusa sun riga sun shiga. Bidiyon YouTube kuwa ana samunsa ta bincike bayan shekara biyu. Saboda haka ka ajiye darasin kyauta ɗaya a can kowane sati, da sunan samfurin salular a take, Tecno ko Itel ko Infinix, da Hausa da Faransanci, lambarka ta WhatsApp Business a ƙasa. Sabbin ɗalibai daga nan za su fito, har daga Agadas da ƴan ci-rani a Abijan.

Wasu za su ce ka sa a gina maka manhaja. Tukuna. Sai ka yi zagaye uku, ka san mutum nawa suka dawo. Daga nan ka je Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ka yi RCCM (rajistar kasuwanci) da NIF (lambar haraji). In kana son CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni a Yamai, ta duba aikinka, ka tafi da littafin nan na waɗanda suka biya, kwanan wata da adadin kowa a rubuce.