Wayar Eriyar Sikana: Kada a Raina Wayar Dish

Yawancin masu sayen rediyon sikana, wato rediyon da ke bin tashoshi yana kamo maganganun oba-oba irin na jiragen sama, a kan na'urar kuɗinsu ke ƙarewa, in an zo wajen waya sai a ce wa mai shago ya yanko kowace iri. Alhali abin da eriya ta kamo a sama, a cikin wayar nan yake zubewa kafin ya iso ɗaki.

Zangon VHF da UHF, inda sikana ke yawan sauraro, ba ya zagaye gini ko tudu sosai, sai eriya ta hango inda maganar ke fitowa. A fili, eriya mai tsayin mita 9 tana hango kusan kilomita 12, kuma in kana son ninka nisan sai ka ninka tsayin sau huɗu. Saboda haka babbar riba ita ce a ɗaga ta ta wuce rufin kwano da bishiyoyin maƙwabta. Matuƙan jirgi da ke magana tsakanin 118 da 137 MHz za ka ji su daga nesa, tunda suna sama; hasumiyar filin jirgi ce ke neman tsayi. Amma duk mitar da ka ƙara wa sanda, ka ƙara wa waya.

Wayar RG-58, siririyar nan, a mita 30 tana cinye kusan dB 10 (dB shi ne ma'aunin asarar sigina) a 450 MHz, wato kashi 9 cikin 10 na siginar. Ita a bar ta a mota, inda wayar ba ta da tsawo. Wayar LMR-400 kuwa asararta ba ta kai dB 3 ba a wannan tsawon, sai dai tsada da taurin lanƙwasa.

Ni RG-6 nake saya, wayar dish da kowa ya sani. Asararta dB 4 da 'yan kai ce a mita 30, kuma ko a 118 MHz ta fi RG-58 nesa ba kusa ba. Masu ƙorafi za su ce ba ta dace da sikana ba, don a ma'aunin lantarki ita ohm 75 ce, sikana kuma 50. Gaskiya ne, amma abin da bambancin ke jawowa bai kai rubu'in dB ɗaya ba, kuma kai sauraro kake yi, ba aikawa ba. Duk mai ɗaura dish ya iya sa mata kai, ka ƙara 'yar mahaɗa daga F (kan wayar dish) zuwa BNC (bakin sikana), shi ke nan.

Matsalar ita ce jabu ta cika kasuwa, rubutun jikin roba kuma ba shaida ba ne. Wani mai shago ya taɓa rantse mini a kan wata, damina ɗaya robar ta tsage, ruwa ya shiga, ragar ciki ta zama gari. Kafin ka biya, sa a feɗe maka ɗan guntu. Ragar ƙarfen da ta lulluɓe farar kumfar da ke ciki ta zama cike. In ka ga silin gashi biyar-shida a warwatse, ajiye. Takardar alminiyon ta manne da kumfar, kada ta sulluɓe da ka taɓa. Ƙarfen tsakiya in mayen ƙarfe ya kama shi ba laifi, yawancin RG-6 ƙarfe ne da aka shafa wa jan ƙarfe, siginar kuma a bayansa take bi. A auna tsawon a gabanka, don wani nadin ba ya cika. LMR-400 ma in ka ji ta da arha kamar RG-6, suna kawai ta ara.

Mahaɗar da ke waje a naɗe ta da tef mai kamawa sosai, wayar ta ɗan sauka ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Hadari na tasowa, cire wayar daga jikin sikana.