Teburin taimakon katin zaɓe na gidauniyoyin unguwa a Sakkwato: inda yake da amfani da inda ya gaza

A zaɓen gwamna na 2019, ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, bayan an yi zaɓen cike giɓi. Jama'ar layi biyu a Mabera sun fi haka yawa. Shi ya sa aikin da gidauniyoyin unguwa da ƙungiyoyin ci gaban gari ke yi, na kafa tebur a ƙofar mai unguwa ko gefen masallaci don taimakon masu neman katin zaɓe, ya cancanci a auna shi da kyau.

Gidauniya ba ta yin rajista, wannan aikin hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ne. Abin da teburin ke yi shi ne share fage. A watan Yunin 2021 hukumar ta ƙaddamar da shafin intanet na fara rajista, don haka a lokacin da shafin yake buɗe matashin da ke kan tebur zai cika wa mutum suna, ranar haihuwa, adireshi da rumfar zaɓen da yake so. Daga nan dole mai neman katin ya je ofishin hukumar da ƙafarsa, a ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa, a ba shi takardar shaida. Wanda ya tsaya a cika fom ta waya bai yi rajista ba, kuma nan ne tebura da yawa ke yin tuntuɓe: a cika fom, a yi godiya, kowa ya watse.

Inda aikin ya fi kyau shi ne tantancewa. Ma'aikacin da ya san aikinsa tambayar farko da zai yi ita ce, “Baba, kun taɓa yin kati?” Katin dindindin ba ya tashi daga aiki. In ɓata ya yi ko ya lalace, sauyi ake nema. In ƙaura aka yi, canjin rumfa ake nema. Sake rajista laifi ne, kuma na'ura na kamawa: a 2022 hukumar ta soke sabbin rajista sama da miliyan 2.7 a faɗin ƙasa, yawanci saboda maimaici. Wannan tambaya ɗaya tana da nauyi ƙwarai ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Isa, Sabon Birni da Rabah, waɗanda katinsu ke nuna rumfar ƙauyen da ba sa iya komawa. Su ne suka fi faɗa wa tarkon yin sabo.

Wani abin da ɗan gari kaɗai zai gane: birnin Sakkwato ya wuce iyakar Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya kutsa Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Mazaunin Arkilla ɗan Wamakko ne a takarda. Tebur mai kyau yana da jerin mazaɓu da rumfunan yankinsa a rubuce, don kada a jefa tsohuwa rumfar da sai ta hau kabu-kabu, alhali ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa.

Kayan aikin ba su da yawa: waya biyu masu layin kamfani daban-daban, abin ajiyar caji, inuwa, da littafi mai gurbin suna, lambar waya, irin buƙata da ranar komawa. Inuwar ba ƙawa ba ce, zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, waya ta ɗau zafi ta mutu. Dole kuma a sami mace a kan teburin, ko a ware wa mata yini a wata Islamiyya, in ba haka ba matan aure ba za su zo ba. Ita ce za ta gaya musu su dakata da lalle mai kauri kafin ɗaukar yatsa. Manomi ko maƙeri da yatsunsa suka goge kuwa a kwantar masa da hankali, na'urar BVAS da ake tantance masu zaɓe da ita a rumfa tana tantancewa da fuska in yatsa ya ƙi.

Babban raunin aikin yana wurin karɓar kati. Tsakanin rajista da fitowar kati akan ɗauki watanni, kuɗin gidauniya ya ƙare, masu sa kai su koma harkarsu, kati ya yi ta kwana a ofis. Ba a karɓar wa wani, sai mai shi. Maganin yana cikin littafin nan: a kira kowa ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su rukuni, a ɗauki hayar Keke Napep. Haka in an liƙa rajista don gyara, kwanakin kaɗan ne, a kai mutane su duba sunansu.

Duk teburin da ya ce a bar masa kati “don ajiya”, ko yake kwafe lambobin kati, ko aka ga hoton ɗan takara a jikin rumfarsa, a guje shi. Wannan ya tashi daga taimako ya zama farautar ƙuri'a, kuma riƙe katin wani laifi ne a doka.

Bayan zaɓe kuwa sai shiru, abin da ya fi damunmu ke nan. Da katin nan dai ake zaɓen kansila da shugaban ƙaramar hukuma, wanda hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa a ƙananan hukumomi 23. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, akwai hujjar zaunar da kansila duk wata uku a tambaye shi zancen rijiyar burtsatse, kwata da asibitin mazaɓa, a rubuta alkawari da rana, a karanta masa a zama na gaba. Gidauniyoyin da ke yin haka ba su da yawa. A tantancewa da cika fom mun ba wannan aiki maki takwas cikin goma, a bin sawun kati biyar, a zama da kansila biyu.